Ama Dalanao, Wanda Ya Tare Mini Ƙofa

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Ama Dalanao na ƙauyen Tukkad ya cika, kwana biyu bayan saran da aka yi masa. A gabana aka sare shi, kuma ni aka zo sara.

Ama, shekara talatin da ɗaya kana riƙe da bodong, amanar zaman lafiya tsakanin Tukkad da ƙauyenmu Anggiyan. Duk duwatsun Kalinga an san ka da baki. Ba ka taɓa shan kofinmu ba ka ce masa ruwan wanki ba, kuma ba ka taɓa ragewa ba. Shekarar da dutse ya zabtare mana gonakin shinkafa, kai ka goyo mahaifiyata har asibiti, kana mitar nauyinta duk hanya.

Ran Litinin na haura Tukkad neman iri. Ban san samarinmu sun yi faɗa da naku a kan idon ruwan saman dutse ba, har namu sun fasa kan wani naku. Kai ka fara jin ihun. Ka fizgo ni cikin ɗaki, ka danna mini kofi a baki.

“Sha, Lumiwan! Sha, ba kallona na ce ka yi ba!”

Na haɗiye, jinina ya koma wuyanka, don a al'adarmu wanda ya sha a gidanka dole ka kare ransa. Sai ga Puyao, ɗan ƙanwarka, da adda tsirara. Ka tsaya a bakin ƙofa.

“Kawu, matsa.”

“Ya sha a gidana. Kai da na share wa majina za ka ce in matsa?”

Addar ta sauka a kafaɗarka, na ji ƙarar ƙashi. Jini ya fantsamo mini har baki. A haka ka dafa ni, ka raka ni gadar da ke tsakanin ƙauyukanmu, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Ina jin haushinka, Ama, ina kuma jin kunya. Amanar ta faɗi tare da kai, har sai wani ya ɗauka. Gobe za a binne ka, ni kuwa in na taka gadar nan zan zama gawa ta biyu.

Gayyaman, kai ne babban ɗansa. Ka ɗauki bodong kafin samari su ɗauki bindiga.

Allah ya jiƙanka, Ama, ya ba iyalinka da mutanen Tukkad haƙuri. Musamman ƙanwarka, uwar Puyao, wadda ke zaune gaban gawar yayanta tana roƙon kada a kashe mata ɗa.