Gaisuwar Hamidu Mai Ƙofar Ruwa

Kafin rana ta fito, Malam Hamidu ya riga ya jingine kekensa a bakin hanyar ruwa ta Dakko. Zai cire ciyawar da ta toshe ƙofa, ya murɗa ƙarfe, ruwan madatsar Bakolori ya gangara gonaki, sannan ya zauna karɓar gaisuwar manoma. Haka yake yi tun farkon noman rani a nan, har wannan watan da ya ajiye aiki.

Da aka baje ƙasar nan da katafila aka sake yanka ta, mai gona aka mayar wa gona. Ɗan ƙwadago kuwa ba wanda ya tambaye shi. Alhali a da, wanda ya daɗe yana yi maka noma kana yanka masa gayauna, 'yan kunyoyi a gefe, ya shuka na bakin iyalinsa. Sabon tsari bai san da ita ba, masu gona kuma suka ji daɗin mantuwar.

Wani ɗan ƙwadago, Buba, ya tsufa a gonar Alhaji Ɗanasabe, amma ya wayi gari ba shi da inda zai jefa iri. Ya fara shirin barin iyali ya tafi Kudu dako.

Wasu suka ce wa Hamidu ya rufe wa Alhaji ruwa har sai ya ji a jikinsa. Ya ce, "Ruwan ga ba nawa na ba, amana ta." Sai ya fara da kansa, ya yanka wa mai yi masa aiki gefen tasa gonar. Da safe Alhaji ya zo ƙofar ruwa, manoma cike da wurin.

"Alhaji, an kwana lahiya? Ina gajiya? Ina iyali?"

"Lahiya lau, Malam."

"Madalla. To, ina gayaunar Buba?"

Wannan ba ta amsuwa da lafiya lau. Alhaji ya yi tari, ya wuce. Washegari ma haka. A kasuwar Bakura haka, wurin suna haka, cikin ladabi, har da russunawa. Da abin ya ishi Alhaji, ya kai ƙara gun shugabannin Hamidu, wai a kore shi. Suka ce, ya hana ka ruwa ne? Ya ce a'a. Ya zage ka? A'a. To, me ya yi? Alhaji ya ce, "Gaishe ni shikai!" Wanda ya ba ni labarin ya ce har masinja sai da ya fita waje ya yi dariyarsa.

Kafin shuka ta wuce Alhaji ya yanka wa Buba gefen gabas. Sauran masu gona ba su jira tasu gaisuwar ba.

Kai ne, Malam Hamidu, ka riƙe ruwan jama'a ba ka taɓa mayar da shi bulala ba. Ina alfahari da kai, kuma na san abin da ka gyara da baki har yau doka ba ta gyara shi ba: magada na iya karɓe gayauna gobe. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku masu gona, ku yanka tun ba a tambaye ku ba.

Ranar sallamar Hamidu daga aiki, Buba ya miƙe ya ce, "Ni dai ban tahi ko'ina ba. Ɗiyana gabana sunka girma."