Zaɓen da Goggo ta saye da masa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokaina biyu, za mu Umara. Ni kuma da saƙo a bakina: Baba ya tsufa, yana so in lallaso ƙanwarsa, Goggo, ta dawo gida ya gan ta. Tun zamanin mulkin soja ta tafi Makka.

Daga Jidda zuwa Makka titi sumul, ko rami ɗaya babu. Ɗaya abokin nawa ɗan siyasa ne, sau biyu yana shan kaye a takarar kansila. Duk hanya wa'azi yake mana wai inda ƙuri'a ta shiga, arziki na biye. Direba ba ya jin Hausa, ya huta.

Da muka sauke Umara sai unguwar Mansur. Can muka tarar da Goggo gaban tanda tana suyar masa, mutane sun yi layi. Na ci uku, na juya farashin zuwa naira, sai na ji na ƙoshi.

Ina isar da saƙo ɗan siyasa ya karɓe zancen: yanzu dimokuraɗiyya ake a gida, ƙasa na ci gaba.

"Ɗayyib, to madalla," in ji Goggo. "Wuta ta zauna a layinmu?"

Ta juya masa a tanda, ta ƙara tambaya.

"Mudun shinkafa fa, ya sauko?"

Ɗan siyasa ya ce ai abin a hankali yake zuwa. Don ya nuna mata daɗin tsarin, ya ce a kaɗa ƙuri'a kan komawarta gida: mu uku, ita da 'yarta da ke taya ta suya su biyu. Na ji daɗi, nasara a hannu. Kafin a ɗaga hannu, Goggo ta zuba masa masa da miyar taushe, tsoka biyu a kai, ta ajiye kwalbar turare gefensa. Mutumin nan ita ya zaɓa! Wai shi ma haka aka saye masu zaɓensa a takara, yau ya ɗanɗana.

Na yi dariya, amma raina ya sosu. Da za mu tafi Goggo ta riƙe hannuna.

"Ka ce wa Yaya ina kewarsa. Amma tandar nan ke ciyar da gida biyu, har da nasa."

Mun dawo gida lafiya. Na koyi cewa ƙuri'a aba ce mai kyau, amma ba ta dawo da wanda yunwa ta kora. Na gaya wa Baba komai. Sai ya ce in je in tambayo masa nawa ne kujerar Umara.