Wayar Uwar Siririya

Gajeriya mai abinci a bakin tasha tana da kyashi, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba. Zinariya ko mota ba su dame ta ba. Abin da ke tsaya mata a maƙoshi shi ne ta ga yaro yana da uwa mai nemansa.

Tana da shekara goma aka ɗora ta bayan motar kaya ita kaɗai, da zane ɗaya da sunan wata mata a takarda. Ba wanda ya san matar a tasha. Wata mai abinci ce ta tsince ta, ta ba ta wanke-wanke. Shekara shida tana kwana ƙarƙashin tebur, tana cin ƙanzo, ruwa ya cinye mata tsakanin yatsu. Sauran yaran shagon kuwa, direbobi na kawo musu saƙon gida, ƙullin sabulu ko man shafawa. Ita ko gaisuwa ba a taɓa aiko mata ba. Da bakinta take faɗa, tana dariya, cewa sabulun nasu takan ɗauke ta jefa a kwata.

Yanzu shagon nata ne, da 'yan mata huɗu, duk su kaɗai suka zo. Ba ta dukansu, ta saya musu katifa da takalmin roba. Amma waya ɗaya ce a shagon, tata, ta nan iyaye ke kira. Ƙaramarsu ita ake ce wa Siririya. Uwarta ba ta fashin Lahadi, kuma maganarta ta farko kullum ita ce ko yarinyar ta ci abinci. Gajeriya na bakin murhu tana ji, tana bugun tukunya da ludayi kamar tukunyar ce ta yi laifi.

Wata Lahadi ta ce wa matar an aiki 'yarta, alhali ga Siririya nan tsugune gaban kwanuka. Lahadi ta biyu ta ce tana wanka. Ta uku ba ta ɗauka ba. Siririya ta rage ci, ta daina tambaya.

Sai wata safiya Gajeriya ta leƙa bayan shago, ta ga Siririya ta ɗauki sabulun da aka aiko wa abokiyar aikinta, ta sake shi a kwata. Ba ta tsawata mata ba. Ta koma ciki ta kira uwar yarinyar da kuɗinta, ta gaya mata ƙarya ta yi har sau biyu, kuma kyashi ne ya sa, ba komai ba.

"Ga 'yarki nan, zan ba ta," in ji Gajeriya. "Amma 'yar'uwa, in kun gama, kada ki kashe. Ki ce a miƙo mini, ki tambaye ni ko na ci."