Duwatsun Sodangi

A duk ƙasar Gobir, daga Alkalawa har bakin iyakar Nijar, ba a taɓa yin mutumin da ya san rana kamar Sodangi ba. Shi ya faɗi haka da bakinsa, kuma ba wanda ya musa, don ba wanda ya taɓa neman wannan matsayi.

A ƙauyensu, wata 'yar tunga a bayan Kurawa, ya kafa turken ƙirya a ƙofar masallaci, tsawonsa daidai ƙirjinsa. Ya ajiye duwatsu uku a ƙasa: na hantsi ta yamma, na azahar kusa da gindin turken, na la'asar can gabas. Da inuwa ta taɓa dutsen salla sai Sodangi ya ɗaga kai ya dubi ladan, ladan ya miƙe. Kowane wata yakan ɗan gusa duwatsun da babban yatsan ƙafa, bisa wani sani da bai koya wa kowa ba. Shekara talatin da ɗaya ana haka. Ko da wayoyi suka shigo, kowa da agogo a aljihu, ladan bai daina dubansa ba, don kara.

Sauran tarihinsa bai da tsawo. Gonar gero ɗaya, mata ɗaya mai suna Ikilima, 'ya'ya biyu da suka tafi kudu neman abinci.

A damanar da ake magana, gero ya fara fitar da kai ke nan 'yan bindiga suka aiko cewa a tashi. Aka tashi. Tafiyar awa uku a ƙasa ta kai su Sabon Birni, inda aka sauke su a ajin wata firamare tare da gida shida. Ikilima tana aron murhu wajen maƙwabta in an samu abin dafawa. Sodangi kuwa ya sami sabon aiki: da safe ya shimfiɗa tabarma a yammacin ajin, bayan azahar ya ja ta zuwa gabas.

Malam Abdulrasheed, mai ajin, yana zuwa kullum ko da yake ba ɗalibai. Wata ranar Laraba ya tarar da tsohon yana jan tabarma.

"Baba, ka san ba rana kake gudu ba? Rana ba ita ke zagaya mu ba. Mu ne ke juyawa."

"Mu wa?"

"Ƙasar duka." Malam ya ciro lemo daga aljihu, ya ɗiga masa tawada, ya ɗaga shi cikin rana yana murzawa. "Wanga ɗigo mu ne. In ya fuskanci haske, safiya ta yi. Ya ci gaba, inuwa ta gajarta, ta koma gabas. Ya juya baya, dare. Yanzu haka ƙasa na gudu da kai gabas, fiye da kilomita dubu ɗaya da ɗari shida cikin awa guda."

"Har da tabarmar?"

"Har da ita."

Sodangi ya daɗe yana kallon lemon.

"To Malam, in juyawa takai, yaushe gonata za ta iso nan?"

"A'a Baba, ai tare kuke tafiya."

"Tare," in ji Sodangi. "Madalla."

Malam ya ɓare lemon suka raba.

Gonar dai ita ce maganar. Gero ya isa yanka, kuma in bai shigo hannu ba, babu abin da za su ci har wata damana sai tallafin da aka raba. Masu satar jiki su leƙa gonakinsu sun ce hanya takan yi shiru daga fitowar rana zuwa la'asar, bayan nan kowa ya san ta kansa. Sodangi ya auna: ya isa da hantsi, ya yi yanka, ya juyo da azahar.

"Gobe za ni gona," ya ce wa Ikilima.

"Da waɗanga ƙafafun?"

"Su gare ni."

"In ka ga babur, Maigida, ka kwanta cikin kara. Kada ka tsaya gaisuwa, na san halinka."

Ta ba shi buhu da magirbi na aro.

Ya isa da hantsi kamar yadda ya auna. An riga an sa shanu a gonar. Karan yana kwance, kashin shanun ma ya bushe. Ya zagaya ta sau biyu, ya tsinci zangarniya huɗu da tsuntsaye suka gama da su, ya mayar inda ya same su.

Da yake akwai sauran lokaci, sai ya shiga gari. Ƙofofi a buɗe, ciyawa ta kai gwiwa. Turken yana nan. Inuwar tana ta aikinta, ta baro dutsen hantsi tana tafe a hankali, ba ta fasa ko yini ɗaya ba cikin wata biyun da ba mai duba ta. Sai dai dutsen azahar ya saura a wurin da ya dace da watan da suka gudu. Sodangi ya gusa shi da yatsa, ya zauna ya jira. Da inuwa ta taɓa shi, ya ɗaga kai ya dubi dakalin da ladan ke zama. Sannan ya yi taimama, ya yi salla shi kaɗai.

Ya gwada cire turken, ya ƙi fita. Sai ya zuba duwatsun a buhu ya saɓa.

Ya shigo Sabon Birni ana kiran la'asar a lasifika, buhu ya ranƙwafar da shi. Matan ajin suka taso suna yi wa Ikilima barka. Ita ta kwance bakin buhun da kanta. Ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Matan suka koma wurarensu ɗaya bayan ɗaya.

"Geron fa?"

"Shanu."

Ta fito da duwatsun, ta jujjuya su, ta gwada tsayinsu a ƙasa. Kusan kai ɗaya suke.

Tun daga ranar Ikilima ba ta ƙara aron murhu ba.