Tarkacen da Mariyama ta bari

Ku gafarci karambanina, ban saba rubutu a nan ba.

Yau a lakwal, makarantarmu, Malam ya sa ni goge tarkacen fishiye, wato fayil-fayil, da gwajin program ɗinmu ke bari, don ordinata, kwamfutar ajinmu, ta cika. Rabinsu na ƙawata Mariyama ne. Tun da fari ya ƙone hatsinsu a Gaffati suka tafi Kano, ban sake jin labarinta ba.

Na ce, "Malam, a gidanmu ba a share sawun matafiyi sai ya dawo."

Ya ce, "'Yata, ordinata ba ta san matafiyi ba. Amma bar guda."

Na bar guda, na goge sauran ni kaɗai.

Da ku ne, za ku iya gogewa? Kuma kun yarda in sake rubutu wata rana?