Lamba Biyu a Kan Katin Littafin Kaji

Shekara huɗu na yi ina riƙe da makullin ɗakin karatu na makarantar matan aure da ke unguwarmu a Birnin Gwari. Ɗaki ɗaya ne, kanta biyar, da akwatin katako cike da katuna, kowane littafi da nasa. Ban yi boko ba, amma na san lambobi, kuma idona ba ya barin komai ya wuce. Don haka aka ba ni makullin.

Malamar da ke rubuta katunan tana gajarta kalmomi, baƙi biyu da ɗigo, sai lamba. Ban taɓa tambayarta ba, don ba na son a ga ban sani ba. Ni kaɗai na lura cewa inda aka sa wasu baƙaƙe biyu da lamba uku, littattafai uku ne jere masu bango iri ɗaya. Na riƙe wannan.

Da Malama ta tafi jinyar mahaifiyarta a Kaduna, na shiga gwada katuna da littattafan da ke jere a kanta. Na zo kan wani littafin kiwon kaji mai kauri, na zaro katinsa daga akwatin. Baƙaƙen nan ne, da lamba biyu. A kan kanta kuwa littafi ɗaya ne.

Mace ɗaya ke taɓa shi, wata matashiya da suka taso daga Gwaska bayan an kore su, tana kiwon kaji a gidan da suka sauka. Ranar Laraba, mata sun cika ɗaki, na tare ƙofa.

"Ke, buɗe jakar nan."

"Inna, lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ina ɗan'uwan littafin kaji?"

"Wallahi Inna ɗaya na sani."

Na zazzage jakar a tabarma. Carbi, ƙullin dusa, katin asibiti. Babu littafi. Maimakon in yi shiru, sai na ce ai tana da gida, can ta ɓoye shi. Ta tattara kayanta ta fita, ba ta sake zuwa ba, kuma maganar ta zaga unguwa.

Bayan mako biyu Malama ta dawo, na miƙa mata katin ina jiran yabo. Ta duba, ta dube ni.

"Inna, baƙaƙen nan mujalladi suke nufi, gaskiyarki. Amma kin ga abin da ke biye? Biyu cikin ɗaya. An ɗinke su a bango guda."

Ta buɗe littafin a tsakiya, ga shafin farko na mujalladi na biyu, da zanen kaza irin na gaba. Lamba ɗaya ɗin ma tana nan a katin, na gan ta tun ranar, na tsallake ta don ba ta dace da lissafina ba.

A gaban mata na kunyata matashiyar nan, don haka na je da kaina na roƙe ta ta zo ranar Laraba. Na ɗaga littafin, na buɗe tsakiya, na ce ni ce na yi mata ƙazafi. Ta ce ba komai, Allah ya yafe mana.

Ta ci gaba da zuwa. Sai dai duk ranar da za ta fita, takan tsaya a gabana ta buɗe jakarta da kanta, ta jira in duba. Na ce ta daina, ta ce to, Inna. Har na mayar da makullin ba ta daina ba.