Safiyanu da Mujiyar Kukar Tani

Safiyanu ya rasu a daminar bara, yana da shekara arba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana shida. Tare muka tashi a Birnin Malam, kuma har yau in na ji kukan tsuntsun da ban gane ba sai in juya in tambaye shi.

Manomin albasa ne. Irinsa daga Aliero yake sayowa, in an cire kuma ya kai kasuwar Jega. Bokonsa bai wuce firamare ba, amma tun yana ƙarami ya san tsuntsaye kamar 'yan unguwarsu. Da ya sayi babbar waya, wani malamin gona ya sa masa manhajar gane tsuntsaye: ka ɗauki hoto ko ka naɗi kuka, ta nuna maka sunan tsuntsun da abincinsa. Sunayen na Turanci ne. Sai ya harhaɗa su da ƙyar, ya yi dariya ya ce, "Wannan duk doguwar sarauta ta cilakowa ce?" Wani lokaci wayar ta yi kuskure, ya gyara mata.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar mujiya. Kakarsa Tani ta kwanta zazzaɓi, ga kuma mujiya ta yi ɗiya a kogon kukar bayan gidanta. Tsohuwa ta rantse tsuntsuwar ce ke kiran ajalinta. Da hantsi ta sa Nafi'u, ƙanen mahaifin Safiyanu, ya tara kara zai cusa a kogon ya cinna wuta.

Safiyanu ya iso daga fadama, ƙafa duk laka. Bai yi gardama da kowa ba. Ya duba wayarsa, ya tsuguna gindin kukar yana tsintar wasu curarrun abubuwa masu toka-toka, ya cika hularsa.

"Baffa, don Allah ka dakata mani kaɗan," ya ce da Nafi'u.

Ya shiga ɗakin Tani ya zube a gaban tabarmarta.

"Mi ag ga hular, mijin banza?" in ji ta. "Kowa na kawo fura, kai ka kawo kashi?"

"Amarya, ba kashi ba ne. Abin da mujiyarki ke amayarwa ne in ta ci ta ƙoshi. Waya ta ce a duba ƙarƙashin gidanta, na duba."

Ya murje ɗaya a tafin hannunsa. Gashi ne cunkus, sai ga ɗan ƙoƙon kai da haƙora biyu jajaye. Ya murje na biyu, haka. Na uku, haka. Ya jera kawunan ɓeraye goma sha ɗaya a bakin tabarma.

"Waɗanga su ne ɓarayin rumbunki," ya ce. "Mai gadi kika samu, kike son a ƙona ta da ɗiyanta."

Tani ta matso da fuska ta daɗe tana kallo. Ya nuna mata hoton mujiyar a waya, ta ture hannunsa.

"Kau da wagga mummunar huska. To kukan hwa?"

"Ɗiyanta ke neman abinci. Ke ma da yunwa ba a jin daɗin muryarki."

Har Nafi'u da ke bakin ƙofa sai da ya tuntsire. Tsohuwa ta ɗaga murya: "Nafi'u, mai da karan ga awaki."

A ranar Safiyanu ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Jega, aka ce zazzaɓin sauro ne, ta warke. Ɗiyan mujiya huɗu suka yi fiffike suka tashi, geron Tani kuma ya kai ta har sabon girbi. Allah ya kai haske kabarinka, abokina.